Ƙunshin Matar Mai Inji

Injin wankin gidan Muttaƙa ya sake tsayawa da ruwa a cikinsa, karo na biyu tun hantsi. Nazifa, matar gidan, ta durƙusa gaban ƙofarsa ta gilashi mai zagaye kamar faifai, tana kallon kayan da suka kwanta cikin ruwa toka-toka, kumfa ta hau kansu ta yi zamanta. Injin ya yi gurnani ya ƙara, sannan ya fara tsuwwar nan tasa da ta riga ta gundure ta. Ta san tsayawa kallonsa jiran gawon shanu ne, don haka ta zare wayarsa daga bango, ta turo baho ƙarƙashin ƙofar, ta saurara har makullin ya ce ƙas, ta buɗe. Ruwan ya kwararo, rabi a baho rabi a kan ƙafafunta.

Daga nan aiki ya dawo hannunta. Ta kwashi kayan jiƙe sharkaf, nauyinsu kamar an cika su da yashi, ta zagaya bayan ɗakin girki inda ta jera baho uku, wurin da mai shigowa gidan ba ya gani. Ta ɗauraye a na farko, ta ɗauraye a na biyu, ta ɗauraye a na uku, sannan ta murɗe kowane ɗaya har ya daina ɗiga. Wandon aikin siminti ba ya murɗuwa ta daɗi. Sai ta take ƙafar wandon ɗaya, ta juya ɗayar da hannu biyu, ruwan yana bin tsintsiyar hannunta yana shiga duk inda fata ta tsage.

A Malbaza kuwa, in mata suna zancen waɗanda suka huta, da Nazifa ake farawa. Kallon kitse ake wa rogo, amma ba laifinsu ba ne, abin da aka nuna musu suka gani. Muttaƙa direban babbar motar siminti ne, kuma ranar da ya sauke injin nan daga Konni unguwa kaf ta shigo kallo. A watan farko, a faɗi gaskiya, injin ya yi abin a yaba. In ya zo matsa sai ya ɗauki gudu har ƙasa tana rawa, kaya su fito da ɗan danshi kawai, kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Muttaƙa ya kai labarin tasha ya ƙara masa gishiri. Wani abokin tuƙinsa, Munkaila, ya taɓe baki ya ce irin wannan abu ba ya kai damina a Malbaza. Don ya ƙaryata shi, sai Muttaƙa ya ce duk masu lodin motarsa su kawo kayan aikinsu, waɗanda siminti ya daskare a jikinsu, a ga aiki da cikawa. Nazifa ta ce a bari ta kakkaɓe su ta jiƙa tukuna, ya yi dariya ya ce inji ba ya son a raina shi. Kwana goma bayan haka injin ya fara jinkirin zubar da ruwa, ranar wata Talata kuma ya daina gaba ɗaya.

Ta jira Muttaƙa ya ci abincin la'asar, ya sha ruwa, ya miƙe ƙafa, sannan ta yi magana.

"Baban Hanifa, injin ga hwa har yanzu ba shi ɗauraya, ba shi matsa. Wata na biyu ke nan."

"Shina wanki ko ba shi yi?"

"Shina dai juya kayan."

"To ai babban aikin ke nan. Ɗauraya mi ag gare ta? Ruwa ne kawai."

"Da an kira Ishaku ya duba shi."

Ishaku shi ne mai gyaran firiji da fanka, shagonsa yana jikin tasha. Muttaƙa ya tashi zaune kamar an tsikare shi da allura.

"Ishaku? Gara ki ce in ɗau lasifika in hau bisa motata in yi shela. Kahin shi ɗaure jikkar kayan aikinai Munkaila ya ji. Ki yi haƙuri, akwai wani gwani Konni, ran da na ratsa da shi za ni taho. Kuma maganag ga kar ta hita gidan ga."

Muttaƙa yana ratsa Konni sau uku a mako. Gwanin nan kuwa yau ya tafi Sakkwato, gobe matarsa ta haihu, jibi shagonsa a rufe. Nazifa ta daina tambaya, don ta gane gwanin ba ya da gida sai a bakin mijinta.

Da a ce wankin gidansu ne kaɗai, da da sauƙi. Amma wanda ya yi shelar yana da inji dole ya karɓi baƙi. Bushira, ƙanwar Muttaƙa, tana aiko ƙullin kayanta da na 'ya'yanta huɗu duk Litinin, har da labule da zanen gado, tare da saƙon a gaida matar yaya mai hutu. Masu lodi ba su fasa ba. Hajiya Kubura, uwar Muttaƙa, wadda sashenta yake cikin gidan, ita ma ta daina ba wa mai wankinta ta dā, tunda ga inji a gida. Kuma Muttaƙa ya kafa doka: kowane kaya sai ya fara shiga injin, a ji ƙararsa daga waje, kafin ya zagaya bayan ɗakin girki. Garin sabulun da injin yake dama wa kaya ya fi na wankin hannu wuyar fita, ga ruwan siminti da yake cin fata kamar toka mai kaifi. Nazifa ta wayi gari tana yin aiki biyu a madadin ɗaya, ana kuma yi mata barka da hutu.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne hannun nan ba na wanki ba ne kawai. Nazifa makitsiya ce, ta gaske. Tsagarta miƙaƙƙiya ce kamar an ja zare, kuma kitsonta yana wata guda bai tashi ba. A danginsu na Badaguishiri ba amaryar da ake kaiwa ɗaki sai da kitson Nazifa a kanta, tun tana budurwa haka abin yake. Yatsun nan su ne abin da take da shi wanda ba wani ya ba ta ba. Yanzu fatarsu ta yi fari ta kumbura, ta bushe ta dare, tsagun suka zurfafa a gaɓoɓi har in ta dunƙule hannu sai sun buɗe baki. Yaji ya gagare ta taɓawa, ta koma cin tuwo da cokali kamar baƙuwa.

Wata safiya ta kai wa Hajiya Kubura kayanta a ninke, ta durƙusa, ta ajiye, ta kasa tashi. Ta karya dokar mijinta.

"Inna, injin ya daɗe da lalacewa. Ni ka ɗauraya, ni ka matsa. Ki dibi hannuna."

Hajiya ta kalli hannun, kallo na gaske, har ta ɗan kau da kai. Nazifa ta ɗauka an zo wurin. Sai tsohuwar ta gyara zaman carbinta.

"Na sani, ɗiyata. Kina tsammanin ba ni jin ƙarar ruwa bayan ɗaki? Amma mu da munka yi wanki bakin gulbi da sabulun salo, goyo ga baya, ba mu mutu ba. Mace ita ka ruhe asirin mijinta. Ki shahwa man kaɗe. Kuma gara da hannun, ni dama hankalina bai kwanta da tsarkin injin ga ba. Kayan sallata ki riƙa yi musu ɗauraya ukku cikakku."

Nazifa ta fito da ƙarin aiki a kan wanda ta shiga da shi. A ranar ta yi kuka, ba don zafin hannu ba, don ta gane ba ɓoye take ba, ana ganinta sarai.

A'ishatu maƙwabciyarsu ce ta ƙarshe da ta zauna gabanta kitso. Nazifa ta ja tsaga, ta kama gashi, sai silin gashin ya shige cikin tsagar yatsanta ya yanka kamar reza. Ta cije leɓe ta ci gaba. A layi na uku A'ishatu ta shafa goshinta ta duba yatsunta.

"Nazifa, jinin mi ne wanga? Kin hwasa mini kai?"

"Ba naki ba ne. Wuƙa ta yanke ni wajen albasa."

"Ke da ba ki aikin komi sai latsa inji, ga ki da gangancin wuƙa," in ji A'ishatu tana dariya. Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Ba a jima ba Hanifa, 'yar Nazifa tilo mai shekara bakwai, ta fara zuwa lakwal, wato makarantar boko, da kitson wata mata ta bayan kasuwa, karkatacce, mai tashi cikin kwana huɗu. Duk safiya in yarinyar ta juya baya za ta fita, Nazifa sai ta sunkuyar da kai.

Da babban yatsanta na dama ya fara ruwa, ta tafi likita ba tare da ta jira izini mai tsawo ba. Ma'aikaciyar da ta duba ta, wata dattijuwa mai tabarau, ta juya hannun gaba da baya ta tambaye ta ko a wurin gini take aiki. Ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe da farin ƙyalle, ta ce mata ba sabulu, ba siminti, ba jiƙa hannu har mako uku, alwala ma ta yi taimama. In kuwa ta ƙi ji, ciwon zai shiga gaɓa, kuma yatsan da ya sandare ba kullum yake dawowa ba.

Nazifa ta kawo wa mijinta maganar yadda aka faɗa mata, ba ta rage ko kalma ba. Ya nuna damuwa, a ba shi wannan. Ya ce subhanallahi har sau biyu. Washegari ya dawo da safar hannu ta roba, ja, irin ta masu wanke mota, ya miƙa mata yana murmushin wanda ya warware matsala.

"Ga shi, ruwa ba shi taɓa ki. Su likita ai ba su san zaman gida ba, komi sai su ce a kwanta."

Safar ta kwana biyu. A rana ta uku zip ɗin wani wando ya farke ta, ruwan ya shiga ya zauna a ciki, ya jiƙa ƙyallen, ya fi da babu muni.

Ana cikin haka matar Munkaila ta shigo gidan da yamma, wai ta zo gaida Hajiya, idonta kuwa yana kan ɗakin inji. Ta ga hannun Nazifa a naɗe ta tambaya lafiya. Kafin Nazifa ta buɗe baki Muttaƙa ya amsa daga bakin ƙofa.

"Ƙunshi ta yi. Mi za ta yi da hannun in ba lalle ba? Aikin duk inji ya ɗauke."

Matar ta ce lallai wasu sun dace. Bayan ta fita Muttaƙa ya ji daɗin dabararsa har ya mayar da ita sabuwar doka: in za a yi baƙi, Nazifa ta ɗaura baƙar leda a kan ƙyallen, yadda mata suke yi in sun sa lalle. Nan da nan labari ya zaga cewa matar Muttaƙa ba ta rabuwa da ƙunshi. Har wata ta aiko tambayar wace mai lalle ce take yi mata.

Ran nan wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar matsa zanen gadon Bushira. Ta danna da gwiwar yatsa ta maƙale a kafaɗa. Yayarta ce Mariyama, uwar Rumaisa, daga Badaguishiri.

"An sa rana, Nazifa. Bikin Rumaisa saura mako ukku, ran Asabar. Ɗiyarki ta ce ba mai taɓa mata kai sai ke. Tun yanzu ta hwara zaɓe, wai irin kitson da kinka yi ma Ummul-Khairi ran bikinta taka so."

"Allah shi kai mu, Yaya."

"Muryarki mi ya same ta? Ko hutun ne ya yi yawa?"

"Lahiya lau," in ji Nazifa, tana kallon ruwan da ke ɗiga daga zanen.

Mako uku, daidai abin da likita ta ce. Ranar ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauko kibiyar kitsonta ta gwada riƙewa, ta mayar, ta sake ɗaukowa. Da Muttaƙa ya dawo ba ta jira ya ci abinci ba.

"Baban Hanifa, ban taɓa roƙonka komi ba a kan injin ga sai gyara. Yanzu ko gyaran na bari. Mako ukku kawai nika so. A maida ma Bushira kayanta, a ce ma masu lodi su dakata, Inna ta kira mai wankinta. In hannuna ya warke in yi ma Rumaisa kitso, in na dawo in ci gaba."

"In na maida ma Bushira kaya, mi za ni ce mata? Bushira ta ji, Malbaza ta ji."

"Ka ce ba ni da lahiya. Ai ba ƙarya ba ce."

"Sai ta ce ina ruwan inji da lahiyarki." Ya wanke hannu ya jawo kwano. "Ki ƙara haƙuri, bayan biki da kaina za ni ɗauko gwanin. Kitso kuma ai ba ke kaɗai ta iya ba. Miyag ga ba gishiri."

Ba gishiri ne saboda ba ta iya tsintarsa da yatsa. Litinin ta zo da ƙullin Bushira, wata Litinin ɗin ta zo da wani. Nazifa ta gwada matsa da gwiwar hannu, ta gwada naɗa zane a jikin turmi ta ja da tsintsiyar hannu. Duk dabarar da ta yi, ruwan yana samun hanyarsa. A mako na biyu babban yatsan da manuninsa suka kumbura suka yi sheƙi, a na uku suka ƙi lanƙwasuwa.

Ranar Juma'a, jajibirin biki, Muttaƙa ya fito da farar shaddarsa mai aiki a wuya, wadda zai sa zuwa masallaci ya kuma tafi da ita Badaguishiri. Ya ga ɗan tabo a hannun rigar, ya jefa ta inji da kansa ya latsa. Injin ya juya, ya yi gurnani, ya tsaya da ruwansa kamar kullum. Nazifa ta zare waya ta turo baho ta jira ƙas. Shiru. Ta ƙara jira. Makullin da aka yi wata biyar ana wahalarwa ya gaji, ya ƙi saki.

Muttaƙa ya ja marfin, ya jijjiga, ya buga da tafin hannu. Ya leƙa ta gilashi, ga rigarsa nan kwance cikin kumfa, ga rana tana ɗagawa. Ya kai gwauro ya kai mari a tsakar gida, ya duba agogo, ya sake komawa ya ja. Sannan ya ciro wayarsa. Ko rabin awa ba a yi ba sai ga sallamar Ishaku a zaure.

Nazifa ta koma bayan labulen ɗakinta, inda take hango komai. Ishaku ya tsuguna, bai ko kalli ƙofar gilashin ba. Ya sa bakin sukuddireba ya ɓalle wani ɗan murfi a ƙasan injin, wanda duk gidan suka ɗauka ado ne. Ya jawo ɗan siririn tiyo ya tsiyaye ruwan a faranti, ya ja wata 'yar igiya, ƙofar ta buɗe. Ya murɗe wani abu kamar murfin jarka ya zaro, ya ƙwanƙwasa a ƙasa. Wani dunƙulen siminti ya faɗo, girman ƙwan zabo, zare da ƙusa guda sun daskare a cikinsa.

"Ga ɓarawon," in ji Ishaku. "Nan ne matatar ruwa. In ta toshe ruwa ba shi hita, in ruwa bai hita ba inji ba shi ɗauraya, ba shi matsa. Lahiyatai lau. Duk wata a buɗe a wanke, ko mace ta iya. Kayan siminti kuma a kakkaɓe su kahin a sa." Ya ɗaga dunƙulen yana juyawa. "Amma wanga ya kwana biyu. Tun yaushe ya tsaya?"

"Jiya-jiyan ga ne," in ji Muttaƙa.

"Wata biyar da kwana tara," in ji murya daga bayan labule.

Ishaku ya kalli labulen, ya kalli Muttaƙa, ya sunkuya yana tattara kayansa. Ya mayar da murfi ya latsa. Ruwa ya shiga, ya fita, ya sake shiga, ya fita, sannan injin ya ɗauki gudun nan nasa na dā har ƙasa tana rawa. Hajiya Kubura ta fito tana hamdala. Duk aikin bai kai tsawon dafa shayi ba. Muttaƙa ya raka Ishaku zaure yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya dawo ya ɗaga rigarsa yana sinsinawa, ya ce wa labulen, "To, kin gani, yanzu kin huta. Amma ba a shiga maganar maza." Nazifa tana zaune bakin gado, hannuwanta a kan cinya.

Wata biyar ba a samu mai gyara ba saboda hannun mace ne yake ruɓewa. Da riga ta yi rabin awa a ruwa, an samu. Wannan shi ne abin da take ta juyawa a ranta tun daga Malbaza har taksi ya sauke su Badaguishiri washegari da hantsi, Muttaƙa a gaba cikin farar shadda, ita a baya da baƙar leda ɗaure a hannu biyu, don ya tuna mata kafin su fito.

Maza suka zauna a rumfar ƙofar gida, ita ta shige ciki. Ɗakin Mariyama cike yake da mata, amarya Rumaisa tana zaune a tabarma a tsakiya, kanta a tsefe, an taje an shafe da mai, kwana biyu tana hana kowa taɓawa. Aka yi guɗa da ganin Nazifa. Wata gwaggo ta kama ledar tana dariya.

"Ga matar mai inji. Har yau ƙunshin ne? Kwance muna mu ga zanen masu hutu."

Ta bayan katanga muryar Muttaƙa tana shigowa, yana gaya wa maza cewa injin nasa tun da ya saye shi ko tari bai taɓa yi ba. Nazifa ta saurara har ya kai aya. Sannan ta kai ƙullin ledar bakinta ta kwance da haƙori, ta warware ƙyallen a hankali, na dama sannan na hagu, ta ɗora hannuwan a kan gwiwarta inda kowa zai gani.

Dariyar ta mutu. Gwaggon ta saki ledar da ke hannunta. Mariyama ta ratso mata ta durƙusa, ta tallabo hannun kamar mai ɗaukar jariri.

"Wuta ce?"

"Wanki ne, Yaya. Injin wata guda ya yi aiki. Sauran ni ce." Muryarta ba ta rawa. Ta faɗa musu duka, da baho uku, da gwanin Konni, da safar roba, da ledar ƙunshi, da dunƙulen da Ishaku ya ciro jiya. Ba ta rage murya ba, kuma rumfar maza ta yi tsit tun kafin ta gama.

Mariyama ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ba inda za ki koma sai hannun ga ya ga magani. Shi tahi da rigatai."

Aka aika kiran wata makitsiya ta unguwar. Ta zo ta zauna a kujera 'yar tsugune, ta jawo kan amarya. Rumaisa ta zame. Ta ja jiki zuwa gaban Nazifa, ta juya baya, ta kwantar da kanta a gwiwarta yadda ta saba tun tana ƙarama.

"Tanti, ko tsaga guda ki ja mini. Sauran ta bi."

Nazifa ta kai hannu ga kibiyar da aka miƙo, yatsun suka ƙi rufuwa, kibiyar ta faɗi a tabarma. Aka ɗauko aka sake ba ta. Ta matse ta tsakanin tafukanta biyu, ta ɗora bakin kibiyar a goshin yarinyar, ta ja zuwa ƙeya, hawaye yana hana ta ganin hanya. Tsagar ta tafi ta karkace wajen kunnen hagu. Duk ɗakin sun gani, makitsiyar ma ta gani, ta ɗago ido tana neman izinin gyarawa. Rumaisa ta shafa tsagar da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ta ce a bi ta haka.

Da yamma aka kai amarya ɗakin mijinta da karkatacciyar tsaga a tsakiyar kanta, kuma ba wanda ya ce a gyara.